Darasin lafiya: cutar korona da ciwon ƙoda

 Darasinmu na wannan karo a kan ƙoda yake. Kowa ya san cutar korona da tari, da zazzaɓi, da sarƙewar numfashi. Amma akwai wata ɓarna da take yi a ɓoye, can cikin ƙoda. Mutane da yawa da aka kwantar a asibiti saboda korona sun tsira daga ciwon huhu, sai ƙoda ta kāsa. Wasu sun mutu, wasu sun koma gida da ƙoda mai rauni.

Ku karanta a hankali. Wanda ya riga ya iya, ya karanta wa na kusa da shi. Abin da ke cikin wannan darasi yana da amfani ko ga wanda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta kayar, domin hanyar da ƙoda ke lalacewa kusan ɗaya ce.

TUNA BAYA KAƊAN

Cutar ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin, cikin watan Disamba na 2019. Wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai ke kawo ta, wadda ido ba ya gani, tana bin numfashi daga mutum zuwa mutum. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, a Yamai. Aka rufe iyakoki, aka rufe makarantu, aka killace birnin Yamai. Nan arewa kun tuna yadda ake tsare matafiyan da suka fito Aljeriya kwana 14 a Asamaka kafin a kawo su Arlit. Ranar 3 ga Mayu 2020 cutar ta kashe ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. Aka fara allurar rigakafi a ƙarshen watan Maris na 2021. Waɗanda aka auna aka tabbatar sun kamu a ƙasarmu ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka mutu sun ɗara 300.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin babban tashin hankali ya wuce. Ba ta ce ƙwayar cutar ta ɓace ba. Tana nan tana yawo kamar mura, tana kayar da tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki.

MI NE NE AIKIN ƘODA?

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga ƙoda. Guda biyu ne, suna manne a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, lulluɓe da kitse. Na mutum ma haka suke. Kowace ɗaya ta kai girman dunƙulen hannun mai ita. Suna ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, a gefen ƙashin baya.

Ƙoda rariya ce. Jini yana bi ta cikinta dare da rana, tana tace shi. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kamar miliyan 1. A kwana ɗaya, matatan nan suna tsame ruwa kamar lita 180 daga cikin jini. Ku kwatanta: bido 9 ke nan na lita 20. Amma ƙoda ba ta zubar da shi duka. Tana mayar da kusan dukansa cikin jini, tare da abin da jiki ke so. Abin da ya rage, kamar lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Shi ke sauka cikin mafitsara ɗauke da dattin jiki.

Wane datti? Masu lambu sun san takin zamani da ake kira ure. To, jikin mutum ma yana yin ure in ya narkar da nama, wake da madara. A gona alheri ne, a cikin jini in ya taru guba ne. Haka kuma potasiyom, wanda ke cikin taki 15-15-15. Jiki yana bukatar kaɗan daga cikinsa. In ya yi yawa cikin jini yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Ƙoda ce ke fitar da rarar.

Ban da tace jini, ƙoda ce ke daidaita ruwa da gishiri a jiki. Kun lura in kun yini a rana fitsari yana raguwa, ya yi ja? Ƙoda ce ke tattalin ruwa, kamar yadda madugu ke tattalin salka in rijiya ta yi nisa. Tana da hannu wajen riƙe ƙarfin bugun jini. Tana aika saƙo ga ɓargo ya ƙera sabon jini. Shi ya sa mai tsohon ciwon ƙoda yake yin fari, jininsa ya ƙaranta.

ABIN DA LIKITOCI SUKA ƘIRGA

A farkon cutar, likitocin Wuhan sun duba marasa lafiya 701 da aka kwantar. Cikin kowane 100, kusan 44 suna zubar da abincin jiki cikin fitsari, wato abin da ke sa fitsari kumfa. Kusan 27 kuma akwai jini cikin fitsarinsu. Wannan alama ce matatan ƙoda sun taɓu.

Da cutar ta isa birnin Niyok na Amurka, abin ya fi haka tsanani. Daga farkon Maris zuwa farkon Afrilu 2020, wasu asibitocin can sun kwantar da mutum 5,449. Cikinsu 1,993 ƙoda ta samu matsala. Wato fiye da mutum 1 cikin 3. Aka sa 285 a injin wankin ƙoda. Cikin waɗanda aka sa wa injin numfashi, kusan 90 cikin 100 ƙoda ta taɓu. Cikin waɗanda ba a sa wa injin ba, kamar 22 cikin 100.

Wasu asibitocin na wannan birni sun sake ƙirga mutum 3,993. Cikin waɗanda ƙodarsu ta taɓu, rabi sun mutu. Cikin waɗanda ƙodarsu ta tsira, 8 cikin 100 suka mutu. Ku sake karanta lambobin nan biyu: 50 da 8. Cuta ɗaya, asibiti ɗaya, bambancin ƙoda ce. Kuma cikin waɗanda ƙodarsu ta taɓu aka sallame su da rai, wajen 35 cikin 100 sun fita ƙodarsu ba ta koma yadda take ba.

Wani abu cikin ƙirgar Niyok ya fi shafarmu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu matsalar, da ita suka iso asibiti, ko kuma ta bayyana cikin yinin farko. Ma'ana tun a gida ɓarnar ta soma. In haka ta faru a birnin da asibiti ke bayan gida, ina ga wanda zai fito daga ruga ko daga ramin zinariya?

TA YAYA KORONA KE TAƁA ƘODA?

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ƙarancin ruwa a jiki. Mai zazzaɓi yana zufa. Mai haki yana fitar da ruwa cikin numfashi. Wasu suna amai da gudawa. Ga shi bakinsa ba ya jin ɗanɗano, ba ya son ci, ba ya son sha. Kwana 4, kwana 5 a haka, jini ya ragu. To, ƙoda tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. In jini ya ragu, jiki yana fara ba ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage rabon ƙoda. Mai lambu ya san abin da ke samun injin ban ruwa in aka bar shi yana juyawa rijiya ta ƙafe. Da farko tari yake yi. In an zuba ruwa da wuri ya ci gaba da aiki. In an daɗe, ya ƙone. Ƙoda ma haka. Kwanakin farko ruwa kaɗai ke tashe ta. In an wuce lokacin, ƙananan bututun cikinta sun mutu, sai an yi makonni kafin su sake tsirowa, in za su tsiro.

Hanya ta biyu daga huhu take. Huhun da ya kumbura ba ya ba jini isasshiyar iska. Ƙoda kuwa ma'aikaciya ce mai cin iska da yawa.

Ta uku ita ce yaƙin da jiki ke yi da cutar. Jiki yana da dakarunsa cikin jini. A wasu mutane dakarun nan suna wuce gona da iri, su ɓata gida garin korar ɓarawo. Jijiyoyin jini su kumbura, su yi yoyo, bugun jini ya fāɗi. Korona kuma tana sa jini ya yi gudaji. Ƙananan gudajin nan suna toshe siraran jijiyoyin ƙoda, kamar yadda yashi ke toshe tiyo.

Akwai kuma likitocin Jamus da suka duba gawarwaki a 2020, suka samu alamar ƙwayar cutar a cikin ƙoda kanta. Ƙofar da take bi ta shiga huhu, akwai irinta a ƙoda.

Hanya ta ƙarshe ita ce magani. A kanta za mu daɗe, domin ita ce ke hannunmu.

MAGANIN TALLA

A tashar mota, a kasuwa, a bakin ramukan zinariya, akwai masu tallar magani a faranti ko a bayan keke. Abin da suka fi sayarwa shi ne maganin ciwon jiki. Sunaye biyu za ku koyi karantawa a jikin kwali: ibuprofen da diclofenac. Ku rubuta su a allo, ku rubuta su a littafinku. Suna kashe ciwo, gaskiya ne. Amma suna matse jijiyar da ke kai jini cikin ƙoda. Lafiyayyen mutum da ya sha ruwa ya ƙoshi, ƙwaya ɗaya ba ta cika yi masa kome ba. Mai zazzaɓi wanda jikinsa ya bushe, ya sha biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare, kwana 5, shi ke rufe wa ƙodarsa ƙofa da hannunsa.

Abin takaici, mai talla ba ya ba da ƙwaya ɗaya. Haɗi yake yi, ja da fari da rawaya, ya ƙulla a leda ba kwali ba suna. Sau da yawa biyu daga ciki magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Mai saye yana ganin ya samu rahusa.

Ga zazzaɓi da ciwon jiki, parasetamol ya fi sauƙi ga ƙoda. Shi ma da ƙa'ida: babba kada ya wuce abin da malamin asibiti ya faɗa, domin yawansa hanta yake ci.

Akwai allurai ma, irin su jantamisin, masu amfani a hannun likita, masu lahani ga ƙoda a hannun mai allurar bayan gida.

Sai jiƙo da sassaƙe. Ba mu raina maganin iyaye da kakanni ba. Amma babu mai iya auna ƙarfin abin da ke cikin kwalbar jiƙo, wani ma da jar kanwa ake haɗa shi. Duk abin da aka sha, ƙoda ce za ta tace. Wanda fitsarinsa ya ragu kada a ɗura masa jiƙo wai don fitsari ya zo. Ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya ne.

MU NAN AREWA

Kafin 1969 babu garin Arlit. Ma'adinin uraniyom ne ya kafa shi. Kamfanin Somair ya fara fitar da ƙarfen a 1971, Cominak ta Akokan a 1978. Samarin da suka zo neman aiki a wancan lokaci daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da duwatsun Abzin, yau su ne dattawan gari. An rufe ramin Cominak ranar 31 ga Maris 2021, ana tsakiyar korona. Somair kuma gwamnati ta mayar da shi hannun ƙasa a watan Yuni na 2025. Garuruwan nan biyu cike suke da tsofaffin ma'aikata, masu shekara 60 da 70. Su ne korona ta fi kayarwa, su ne kuma ƙodarsu ta fi saurin gajiya.

Dalili shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari. Cututtukan nan biyu su ne manyan masu cin ƙoda a duniya. A hankali suke ci, shekara da shekaru, ba ciwo ba alama. Mutum yana iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana yawonsa bai sani ba. Ranar da korona ko wani zazzaɓi mai tsanani ya zo, sai a ga ƙoda ta tsaya cikin kwana 3. Jama'a su ce cutar ce ta yi. Cutar ta tarar da bango a tsage ne.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu, Mayu da Yuni ma'aunin zafi yana kai 45. Direban kamyo a hanyar Tawa, mai jiran raƙuma, mai haƙar zinariya a Cibarakatan ko Jado tun da aka gano ta a 2014, dukansu suna yini da ƙishirwa. Wasu suna ganin ƙaramin kofin shayi uku ya wadatar. Shayi daɗin baki ne da hira, bai kai kofin ruwa ɗaya ba. Masu zinariya suna da ƙarin haɗari: farin ruwan nan mai nauyi da ake kama zinariya da shi, wanda ake kira merkur, guba ne ga ƙoda da ƙwaƙwalwa, balle in an ƙona shi an shaƙi hayaƙin.

Uraniyom kansa ƙarfe ne mai nauyi. In ya shiga jiki da yawa, ta ruwan sha ko ta ƙura, ƙoda ce wurin da ya fi taɓawa. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto. Ta ce cikin ruwa 5 da ta ɗiba a yankin Arlit, 4 uraniyom ɗinsu ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin. Kamfanin Areva bai yarda da rahoton ba. A 2011 aka kafa wata hukuma ta duba lafiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adinai na jihar Agadas. A ganinmu, duk wanda ya yi shekaru cikin rami ko cikin masana'anta, haƙƙinsa ne ya nemi a auna masa ƙoda, ya kuma karɓi takardar awon ya adana.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Mutane suna cewa "ƙoda ke mini ciwo" in bayansu ya riƙe. Yawancin ciwon baya na ƙashi ne da nama. Ƙodar da ke kāsawa ba ta cika yin ciwo ba. A fitsari ake gane ta.

Mai jinya, ko mace ko namiji, ya ajiye kunya gefe. Ya tambayi marar lafiya: yau sau nawa ka yi fitsari? Mai yawa ko kaɗan? Wane launi? In tsoho ne mai nauyin baki, a samu ɗansa ko amininsa ya tambaya. Abin da ya fi, a yanke bakin kwalbar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a riƙa tara fitsarin daga safiya zuwa safiya. In babban mutum bai cika rabin lita ba cikin yini da kwana, akwai matsala. In ya yi daga asuba zuwa magariba bai yi ko kaɗan ba, kada a jira gobe.

A duba launi. Fitsari ja kamar shayi, ko baƙi, ko mai jini, ko mai kumfar da ba ta kwanciya, duk abin faɗa wa likita ne.

In dattin ya taru cikin jini, wasu alamomi suna biyowa. Ƙafafu su kumbura, in an danna da yatsa ramin ya zauna. Fuska ta kumbura da safe. Tashin zuciya da amai, shaƙuwa mai naci, ƙaiƙayin jiki. Daga baya marar lafiya ya riƙa yawan barci, yana magana ba kan gado. A nan wasu ke cewa iskoki ne, a tafi neman mai ruƙiyya ko mai turare. A yi addu'a, amma a yi ta cikin mota ana tafiya asibiti.

RUWA: YAUSHE A BA, YAUSHE A TSAYA

Wannan wuri yana son natsuwa, domin shawarar kashi biyu ce.

Muddin marar lafiya yana fitsari, jikinsa bai kumbura ba, a ba shi ruwa akai-akai. Kurɓi kaɗan kaɗan, ko bai nema ba. Kunu, romo, madara, duk suna taimako. In akwai gudawa ko amai, a kaɗa ƙunshin gishirin asibiti ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1. In lokacin azumi ne, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, ya sha ya rama daga baya.

Amma in fitsari ya tsaya, ƙafa ta kumbura, numfashi yana ƙara wuya, to an shiga kashi na biyu. Yanzu ruwan ba shi da mafita. Duk abin da aka ƙara, huhu zai tafi. A nan a daina ɗura ruwa. Kada a kira wani ya sa ƙarin ruwa a gida. Likita ne kaɗai zai auna abin da ya shiga da abin da ya fita.

A ASIBITI

Ku tafi da dukan magungunan da marar lafiya ke sha, har da na talla, har da kwalbar jiƙo. Kada ku ɓoye don tsoron faɗa. Mai tansiyo da mai ciwon sukari su zo da kwalayensu. Wasu daga cikin magungunan nan likita yana dakatar da su na ƴan kwanaki in jiki ya bushe, wasu yana rage su. Shi zai yanke, kada ku tsayar da kanku.

Awo biyu ne ke nuna halin ƙoda. Na fitsari, da wata ƴar takarda da ake tsomawa ta sāke launi. Na jini kuma, a duba ure da wani datti mai suna kiriyatinin. In kiriyatinin yana hawa, ƙoda tana sauka. Ku riƙe sunan nan. Ba laifi ba ne mai jinya ya ce: "Likita, an duba kiriyatinin?" Tambaya cikin ladabi ba ta ɓata wa ma'aikacin kirki rai.

Likita zai ba da iska in numfashi ya gaza, ya ƙara ruwa gwargwado, ya janye duk maganin da ke wahalar da ƙoda. A watan Yuni na 2020 likitocin Ingila sun nuna wani tsohon magani mai araha, deksametazon, yana rage mutuwar masu korona da ke kan injin numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Na waɗanda ke bukatar iska ne. Mai ƙaramin ciwo a gida ba ya amfana da shi, yana ma iya tayar masa da sukari.

In duk an yi ƙoda ba ta tashi ba, saura wankin ƙoda. Inji ne ke jan jini ta tiyo, ya tace shi, ya mayar. Zama ɗaya kamar awa 4 ne. Mutane suna tsoronsa, suna cewa wanda ya hau injin ba ya sauka. A bambanta abu biyu. Wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya saboda cuta, sau da yawa wanki kaɗan yake bukata, na kwanaki ko makonni, kafin ƙodar ta farfaɗo. Wanda tasa ta mutu a hankali cikin shekaru, shi ne ke zama kan injin sau 2 ko 3 kowane mako. Ƙin yarda da wanki a kashi na farko asarar rai ce da ake iya kaucewa.

Injunan nan a manyan asibitoci suke, kamar asibitin Lamorde na Yamai da babban asibitin Damagaram. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ne. Daga Agadas zuwa Damagaram kamar 450. Daga Arlit zuwa Yamai kuwa wajen 1,200. Kun san halin hanyar, ba sai an faɗa muku ba. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta, ta kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. An samu sauƙi. Amma kuɗin mota, da masauki, da abincin mai jinya a garin da ba naka ba, suna nan. Gida nawa ne aka sayar da awaki da raƙumi saboda wannan tafiya? Shi ya sa kwalbar awon fitsari da kofin ruwa na kwanakin farko suka fi kome araha.

BAYAN AN SALLAMO

Ƙodar da ta taɓa faɗuwa ba kullum take komawa daidai ba, ko mutum yana jin garau. A Amurka an bi sawun tsofaffin sojoji fiye da 89,000 da suka warke daga korona. Aka ga ƙarfin ƙodarsu yana raguwa fiye da na waɗanda ba su kamu ba, musamman waɗanda aka kwantar. Saboda haka wanda aka ce ƙodarsa ta taɓu ya koma awo bayan wata 3, ko ba ya jin kome. Daga nan sau ɗaya a shekara. A auna tansiyo, a auna sukari.

Uwar gida ta rage gishiri, kanwa da dunƙulen miya a tukunya. Wanda aka ce ƙodarsa ta yi rauni sosai ya tambayi likita game da dabino, dankalin turawa, tumatir, ayaba da lemun Timiya. Abinci ne masu kyau ga mai lafiya, amma potasiyom ɗinsu yana da yawa. Kada kuma mai lafiya ya karanta wannan ya bar cin dabino, maganar ba tasa ba ce.

Tsofaffi da masu tansiyo ko sukari su tambayi asibiti game da allurar rigakafin korona. Mai tari da zazzaɓi kada ya zauna ɗaki ɗaya da su. In dole ne, ya rufe baki da hanci da takunkumi, ko ya ja amawali, a buɗe taga.

AIKIN CIBIYA

Kowa ya ja layi uku a littafinsa. A kan na farko ya rubuta "rana", na biyu "abin da ya sha", na uku "fitsari". Wannan ita ce takardar da za ku cika in kuna jinyar wani, ku miƙa wa likita. Malamin cibiya ya zo da kwalba, a gwada awo da ruwa.

Sai lissafi. Wani marar lafiya ya sha lita 2 ran Litinin, ya yi fitsari lita 1 da rabi. Ran Talata ya sha lita 2, ya yi rabin lita. Ran Laraba ya sha lita 2, bai yi kome ba. Lita nawa ya sha cikin kwana 3? Lita nawa ya fitar? Wace rana ya kamata a ce an kai shi asibiti?

Na biyu: mai wankin ƙoda yana zama awa 4, sau 3 a mako. Awa nawa ke nan a mako? Shekara tana da mako 52. Awa nawa ke nan a shekara?

Ku aiko da amsoshinku ta hannun malamin cibiyarku, da sunan garinku.